Inna Yelwa a Gidan Masu Ceton Duniya

A gidan Lawal da ke unguwar Abbey Wood a London akwai injin wanki sabo fil, fari tas, amma an lulluɓe shi da ƙyallen atamfa an ɗora masa tukunyar fulawa, yana zaune a lungun kicin kamar amaryar da ba a sayi bakinta ba. Inna Yelwa, surukar Lawal, ta kwana biyu a gidan tana zaton teburi ne. Sai ranar da tsintsiya ta ja ƙyallen ta ga ƙofar gilashi, ta tambayi 'yarta ko ya lalace ne.

"Lafiyarsa ƙalau, Inna," in ji Zarah. "Abban Fa'iz ne ba ya so a kunna. Yana cin wuta, yana cin ruwa, kuma ya ce yana cutar da environment."

Inna Yelwa ta ce to, ta mayar da ƙyallen, ta gyara wa fulawa zama.

Shi dai Lawal mutum ne da ya ɗauki ceton duniya ya aza a ka ba gammo. Yana da kamfani mai suna Kore Abuja, wanda aikinsa kwasar Turawa zuwa Abuja yawon buɗe ido ba tare da an ɓata muhalli ba. A can zai ɗora su a keke su zaga gari da sassafe, su hau duwatsu, su sha ruwan randa, su ci tuwo a ƙwarya, su sayi tukwanen ƙasa, su dawo London suna ba da labarin yadda Afirka ta koya musu tausayin ƙasa. Yadda suke isa Abujar, ko a jaki suke zuwa ko a raƙumi, ba a cika tayar da wannan zancen a gidan ba.

Inna kuwa daga Kubwa aka ɗauko ta, ta zo yi wa Zarah wankan jego. Sana'arta lalle. A unguwarsu amarya ba ta cika amarya ba sai hannun Inna Yelwa ya bi ta kan nata, don zanenta siriri ne, ba ya rawa, ba ya kauce hanya. Ta baro amaren ƙarshen shekara da alkawarin cewa da zarar an yi arba'in za ta dawo ta yi musu. Zarah ce 'yarta ta fari, saboda haka tunda ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke 'yar nan". Shi kuwa Lawal, suruki ne, ko ido ba sa haɗawa. Kullum da safe zai zo bakin ƙofar ɗakinta ya durƙusa har ƙasa, kansa a sunkuye.

"Inna, an tashi lafiya? Akwai wata matsala?"

"Lafiya lau. Babu komai, Allah ya yi albarka."

Da wannan "babu komai" ɗin Lawal yake fita aiki kullum, zuciyarsa fes.

Wankan jegon ne ya fara shiga uku. Inna ta taho da busasshen ganyen darbejiya cikin jaka, ta ɗora manyan tukwane biyu, ruwa ya tafasa har kicin ya yi duhu da tururi. Ashe akwai wata 'yar na'ura a kan firij mai nuna wutar da gida yake ci, kuma a haɗe take da wayar maigidan. Ruwan bai gama hucewa ba ya kira matarsa daga ofis. Da yamma ya zauna a falo ya yi musu wa'azi, fuskarsa na kallon bango don kunyar suruka, ya ce ƙanƙarar ƙarshen duniya tana narkewa, teku na cin garuruwa, Tafkin Chadi ya ƙafe. Inna ta saurara da kyau, tana mamakin yadda tukwanenta biyu suka isa Chadi ba ta sani ba. Daga ranar wankan mai jego ya koma cikin buta ɗaya. Ganyen darbejiyar dai ya burge shi, ya ɗauki hotonsa ya sa a intanet.

Sauran dokokin gidan suka biyo baya ɗaya-ɗaya. Jariri Fa'iz ba zai sa famfas ba, don famfas yana shekara aru-aru a bola bai ruɓe ba, nafkin na yadi zai sa, a wanke a sake sawa. Wankin da hannu za a yi, da ruwan sanyi, da wani sabulu mai launin ƙasa wanda ba ya kumfa ko an roƙe shi. Hita kuwa sai an dawo daga aiki ake kunna ta, a kashe kafin a kwanta, domin babu dalilin ɗumama gidan da ba kowa. Ɗakin jariri kaɗai aka ware wa 'yar ƙaramar hita, wadda ke kunna kanta lokacin barcinsa. Da Zarah ta koma aikinta a kantin magani, "ba kowa" ɗin nan ya zama Inna Yelwa. Amma kada a ce Lawal ba shi da tausayi, ya je shagon gwanjo a Lewisham ya sayo mata wata ƙatuwar rigar sanyi ta maza, ruwan toka, mai warin kabad ɗin wani tsohon Bature. Ya ce sayen gwanjo ma ceton duniya ne.

Aka yi arba'in, Inna ta ɗaure kayanta. Ta sami 'yarta a kicin ta ce, "Ke 'yar nan, ki tuna wa maigidanki zancen tikiti. Amare na jira na."

Washegari Lawal ya zo ya durƙusa kamar kullum, ya daɗe a ƙasa.

"Inna, wallahi ba don komai ba. Mu a gidan nan muna da carbon budget, wato iyakar hayaƙin da muka yarda mu zuba wa duniya a shekara. Jirgi kuwa shi ne babban mai laifi. Na bana mun riga mun yi exceeding. In kika ɗan ƙara haƙuri zuwa bayan sabuwar shekara, sai mu yi booking. Ai visa ɗinki da saura."

Inna ba ta gane rabin zancen ba, amma ta gane "ɗan ƙara haƙuri". Ta buɗe baki, kunya ta rufe shi. Uwar mata ta tsaya tana ja-in-ja da mijin 'yarta? A ce me a Kubwa? Ta ce, "Babu komai."

A makon nan Lawal ya tashi zuwa Abuja, taron masana kan tafiye-tafiye marasa hayaƙi. Da Inna ta kalli 'yarta, Zarah ta yi saurin cewa shi tafiyarsa daban ce, domin abin da yake koyarwa a can ya fi hayaƙin jirginsa yawa, kuma duk tafiya yana biya a dasa masa bishiya. Laifi tudu ne, amma Lawal ya taka nasa ne yana hango na tsohuwar da ke son komawa ɗakinta.

Sanyi ya shigo da gaske. Inna ta san sanyi a gida, irin wanda ake hura wuta a tsakar gida a kore shi, rana na fitowa ya gudu. Wannan kuwa ba ya gudu, jiƙaƙƙe ne, yana ratsa bango ya zauna a ƙashi. Kullum da hantsi takan durƙusa a gaban bahon banɗaki, ta naɗe hannun rigar Bature, ta tsoma hannu cikin ruwan da ke cizo. Jariri kuwa ba ruwansa da Tafkin Chadi, yana ci yana sakewa. Nafkin ba ya bushewa a gidan da ba ɗumi, saboda haka ko'ina shanya ce, kan kujera, kan ƙofa, kan igiyar da ta ratsa falo, gidan na tashin warin danshi. Yatsunta suka fara tsagewa a gaɓoɓi, sannan suka kumbura, zoben da ta yi shekaru da shi sai da man gyaɗa aka cire. In Fa'iz ya yi barci takan raɓa bakin ƙofar ɗakinsa ta miƙa hannu wajen ɗumin, tana kasa kunne kamar ɓarauniya.

Zarah ta ga hannun. Ba makauniya ba ce, kuma magani take sayarwa. Ta kawo mata man shafawa mai tsada, wanda aka rubuta a jikinsa cewa ba a cuci ko da zomo ba wajen haɗa shi.

"Ki riƙa shafawa, Inna. Kin san halinsa, in na yi magana sai ya ce ba na supporting ɗinsa. Kuma ai a gida ma da hannu kike wanki."

"A gida akwai rana," in ji Inna.

"Saura kaɗan dai, Inna. Please."

Da Lawal ya dawo, ya dawo da sabuwar dabara. Ya ce Turawa na son su ga asalin inda hikimar Kore Abuja ta samo tushe. Ranar Asabar aka sa Inna ta yi ɗaurin kallabi mai kyau, aka cire mata rigar gwanjon don ba ta dace da hoto ba, ta durƙusa gaban baho tana cuɗa nafkin, shi kuma yana tsaye da waya yana zuba Turanci cikin murya mai taushi. Zarah ta fassara mata daga baya. Wai cewa yake iyayenmu mata sun san sirrin zaman lafiya da ƙasa tun kafin a ƙirƙiro injin, wai Inna da kanta ta ƙi injin wanki, ta ce hannu ya fi albarka. Wurin da yatsun suka fito kusa ya yanke, ya ce hasken bai yi kyau ba. Bidiyon ya zaga duniya. Turawa suka yi ta aiko da hoton zuciya kore, wata ma ta rubuta cewa ta yi kuka.

Ƙofar da ke kallon tasu ta Kachollom ce, wata 'yar Jos mai jiki da murya, wadda ke aikin kwana a gidan kula da tsofaffi, da rana tana gida. A wurin zubar da shara suka haɗu, inda Inna ke tsaye tana rarraba kwalba da kwali da ɓawon ayaba kamar yadda aka koya mata.

"Sannu Mama! Ke ce ta cikin video ɗin nan? Kai, Mama, wannan hannu fa? Me ya same ki?"

Inna ta tura hannun cikin aljihu. "Sanyin garinku ne, 'yata."

"Sanyin gari ko sanyin gida? Ni fa ina jin tarinki ta bango. Ba sa kunna heating ne?"

"Suna kunnawa," in ji Inna. Ai ba ƙarya ta yi ba, suna kunnawa in sun dawo. Ba za ta tsaya a bakin bola ta kwance wa 'yarta zani ba.

Kachollom ta taɓe baki, ta ce ƙofarta a buɗe take. Inna ba ta shiga ba sai gab da Kirsimeti, da Kachollom ta zo har gida ta roƙe ta. Ashe ta ji labarin sana'ar Inna, kuma tana da bikin ƙanwarta a Catford, tana so a yi mata zane irin na gida. Inna ta ji wani daɗi ya taso mata tun daga ciki, irin wanda ta manta da shi. Ta goya Fa'iz, ta ɗauko garin lallenta daga ƙasan jaka, ta tsallaka. Ɗumin falon ya buge ta har sai da ta lumshe ido. Ta kwaɓa lalle, ta ɗura a leda, ta huda bakin, ta kama hannun Kachollom ta ɗora a cinyarta.

Yatsun suka ƙi matsa ledar. Ta sake gwadawa, lallen ya fito guda, ya zube kamar kashin kaza. Ta goge, ta ja layi, layin ya karkace. Hannun da ya yi wa amaren Kubwa zanen da ake zuwa kallo daga wata unguwa, yau ya kasa zana ganye ɗaya. Ta ajiye ledar a hankali. Ba ta yi kuka da sauti ba, hawayen ne kawai suka riƙa sauka a kan rigar Bature, kuma tsoro ya kama ta, tsoron cewa ko ta koma gida, abin da za ta koma da shi ya riga ya tafi.

"Mama, ki yi musu magana," in ji Kachollom. "Ko ni in yi."

"Ki rufa mini asiri. Suruki ne."

"Surukin da ya mayar da ke washing machine?"

Inna ta share fuska ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta koma gidan sanyi.

Bayan sabuwar shekara ba a yi zancen tikiti ba, domin Lawal ya sake tafiya Abuja da wani ayarin Turawa, kuma za a ba shi lambar yabo. A satin ne garin ya daskare, har ruwan da ke kwance a titi ya zama gilashi. Tarin Inna ya sauka ƙirji. Wata rana da azahar, tana rawar ɗari har haƙoranta na haɗuwa, ta tsaya gaban maɓallin hita da ke bango. Ta ga yadda suke murɗa shi. Ta yi bisimilla ta murɗa. Ƙarfen da ke jikin bango ya fara ɗaukar zafi, ta zauna a ƙasa ta jingina bayanta, ta ɗora hannuwa, ta ji kamar an sauke mata kaya.

Ba ta gama jin daɗin ba wayarta ta yi ƙara. Zarah ce daga wurin aiki, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Inna, kin taɓa heating ne? Abban Fa'iz ya kira ni daga Abuja, ya gani a app. Ya ce ana gab da kiran sunansa a stage, ga gidansa yana ƙona gas da rana tsaka. Don Allah ki kashe, kada ya zama issue. Ki ƙara bargo."

Mutum yana otal a Abuja, na'urar sanyaya ɗaki na busa masa ƙeya, amma idonsa na kan ɗumin bayan surukarsa a London. Inna ta miƙe da ƙyar ta kashe.

Kwana biyu bayan haka Kachollom ta dawo daga aiki ta kwanta, kukan jariri ya hana ta barci. Kuka ne wanda ba a rarrashi. Ta fito ta yi ta dukan ƙofa har aka buɗe daga ƙasa, domin da rarrafe Inna ta iso. Jikinta zafi kamar garwashi, numfashi na fita da ƙyar, hannun rigarta a jiƙe, baho cike da nafkin. Kachollom ba ta nemi izinin kowa ba, ta kira motar asibiti.

Likita ya ce nimoniya ce, wato sanyin huhu, kuma sanyi ya kama gaɓoɓin yatsun, sai an bi su a hankali, ba ya alkawarin za su koma yadda suke. Inna ta kwanta a gado mai laushi, a ɗaki mai ɗumi dare da rana, ana kawo mata shayi ba ta tambaya ba. Abin kunya, ta ji ba ta son a sallame ta. Lawal ya iso daga filin jirgi kai tsaye, da lambar yabonsa a jaka, wani katako da aka sassaƙa kamar ganye. Ya durƙusa a gaban gadon har ma'aikatan jinya suna leƙe suna sha'awar tarbiyyar mutanen Afirka.

"Subhanallahi, Inna! Me ya sa ba ki faɗa ba? Kullum sai na tambaye ki, kullum ki ce babu komai." Ya juya wajen Kachollom da ke tsaye ta harɗe hannu. "Wallahi ba ta taɓa complaining ba. Ko sau ɗaya. Zarah, ta taɓa?"

Zarah ta sunkuyar da kai tana jijjiga yaro.

"Kai ɗan ina ne?" in ji Kachollom. "A garinku surukar mutum tana ce masa akwai komai?"

Lawal ya ce yanzu ba lokacin neman mai laifi ba ne, lokacin addu'a ne. Ya ɗaga hannu, kowa ya shafa.

Ranar da aka sallame ta, Zarah ce ta ɗauko ta a tasi. Tun daga matakala Inna ta ji wani ƙugi da ba ta san gidan da shi ba. Aka buɗe ƙofa, ɗumi ya tarye ta, da rana tsaka. Igiyar shanya ta ɓace daga falo. A kicin tukunyar fulawa na ƙasa, atamfar na kan kujera, injin wanki yana juyi da ƙarfinsa, kumfa fari na dukan gilashi. A gefen firij ga ƙatuwar ledar famfas an farke ta, an ci rabi.

Inna ta tsaya tana kallon injin. Ashe duniya na iya ɗaukar wannan, ƙanƙara ba ta narke ba, teku bai cinye Abbey Wood ba. Kwana nawa ne hannun Zarah ya shiga ruwan sanyi kafin a gano haka?

"Na 'yan kwanaki ne kawai, Inna," in ji Zarah da sauri. "Emergency ne. Kin ga ina aiki, ga hannuna ya fara..."

Lawal ya fito daga ɗaki, ya durƙusa. "Sannu da dawowa, Inna. Ki huta sosai, kada ki taɓa komai sai kin warke. In kin ji ƙarfi, a hankali sai mu koma tsarinmu."

Tura ta kai bango. Inna ba ta dube shi ba, 'yarta ta duba, ido cikin ido.

"Zarah."

Zarah ta ɗago a firgice kamar an mare ta. Tunda ta zo duniya ba ta taɓa jin sunanta a wannan bakin ba, kuma ta san uwa ba ta karya wannan kunyar sai abin da ya fi kunya girma ya karye.

"Zarah, ɗauko mini fasfona da jakata."

"Inna, likita ya ce ba za ki hau jirgi ba sai ƙirjin ya..."

"Na ji abin da ya ce. Ɗauko."

Aka ɗauko. Inna ta sumbaci goshin Fa'iz, ta rataya jakar a gwiwar hannu tunda yatsun ba sa riƙo, ta fita, ta taka 'yan takun da ke tsakanin ƙofofin biyu, ta ƙwanƙwasa da ƙafa. Kachollom ta buɗe, ta dubi jakar, ta matsa gefe.

A nan ne hankalin Lawal ya tashi da gaske, tashin da bai yi ba a asibiti. Ya biyo ta har bakin ƙofa yana raɗa.

"Inna, don girman Allah. Surukata a gidan maƙwabta, ga gidan 'yarta? Me mutane za su ce? In labarin nan ya je masallaci fa? In ya je gida?"

"Babu komai," in ji Inna Yelwa, Kachollom ta rufe ƙofa.

Tikitin da ya gagara wata da watanni, a daren ranar aka saye shi. Hayaƙin bana ya samu wuri. Zarah takan shigo kullum bayan aiki da yaro, ta zauna a gefen kujera, ta shafa wa uwarta mai a yatsu, ta yi kuka, ta ce a yafe mata. Inna ta ce ta yafe, kuma da gaske take. Amma sunan ya riga ya fita, yanzu Zarah take ce mata kai tsaye, kuma duk kiran sai Zarah ta runtse ido. Amaren Kubwa kuwa an daɗe da kai su ɗakunansu, da zanen wata.

Da ƙirjin ya warware, ranar tafiya ta zo, aka fito da kaya bakin titi ana jiran mota. Lawal ya zo cikin farar shadda, ya durƙusa a kan siminti mai sanyi, ya nemi gafara, ya ce ya biya an dasa bishiya biyu da sunanta a Abuja saboda hayaƙin jirgin da za ta hau. Sannan ya ɗan yi gyaran murya, ya dubi rigar gwanjon da ke jikinta.

"Inna, wannan coat ɗin, tunda a can ba za ki buƙace shi ba, da kin bar shi. Kin san ba ma son ɓarna. Goggona ta Gwagwalada ta daɗe tana son ganin London, mun fara yi mata processing ɗin visa. Kusan jikinku ɗaya."

Zarah ta kawar da kai tana kallon motocin da ke wucewa. Kachollom ta buɗe baki, Inna ta ɗaga mata hannu. Ta san Goggon, sun haɗu a bikin auren Zarah, wata doguwar tsohuwa mai yawan fara'a da kawaici, irin waɗanda ko an taka su sai su ce ƙafarsu ce ta shiga hanya.

Inna ta ja rigar ta rufe ƙirjinta. Ta yi ƙoƙarin sa maɓalli, yatsun suka ƙi, Kachollom ta sa mata.

"Gwagwalada ba nisa daga Kubwa," ta ce. "Da kaina zan kai mata rigar. Ina so ta ga hannun da ya fito daga cikin rigar nan."